Na sayi gem ɗin PS5 a kasuwar Adum ta Kumasi, an ce in ƙara sidi 900 na garanti: in biya ko in riƙe kuɗina?

Baban Nasiba, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa, don ranar Asabar wa'adin da aka ɗibar mini zai cika.

Ni tela ne, shagona yana Alabar. Na haura arba'in, kuma ban ga abin kunya ba don na ce ina buga ƙwallo a gem. Wani hutunsa majalisar ataya, wani musun Kotoko da Hearts har maƙogwaro ya bushe. Ni in na rufe shago bayan lisha, na yi wasa biyu ko uku kafin barci, to gajiyar keke ta sauka.

Tsohuwar PS4 ɗina ƙanena ne ya sako mini ita cikin duro daga Amurka a 2018, a naɗe cikin tawul, tsakanin takalma da man shafawa. Shekara shida ba ta taɓa sa ni ciwon kai ba. Daminar bara aka ɗauke wuta da magariba, muka kwanta cikin zafi, ban tuna na zare komai daga soket ba. Wajen ƙarfe biyun dare wuta ta dawo. Ƙwan falo da muka bari a kunne ya yi wani irin fari kamar ana walda, sai na ji "tas". Kafin in kai falo warin ƙonanniyar roba ya tare ni a ƙofa. Da safe na danna, na sake dannawa, shiru kake ji. Ta tafi, ta ja dikoda da cajar wayar Maman Nasiba sun raka ta.

Tun daga nan nake zuba sidi 40 kullum wurin mai susu, wato mai karɓar adashi. Wata takwas ina yi, na haɗa da ɗan abin da ɗinkin Sallah ya bari, Asabar ɗin da ta wuce na shiga Adum na sayo PS5, siririyar nan mai cin faifai, sidi 8,200 da hannun bugawa ɗaya. Sunan shagon mu bar shi.

Na gama tura kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ke nan sai yarinyar da ke kan kanta ta zaro wata takarda. Ta ce shago ya ba ni garantin shekara ɗaya kyauta, amma in na ƙara sidi 900 za a ƙara mini shekara biyu, ya zama uku. Na ce me da me ke ciki? Ta ce komai. Na ce komai da komai? Ta yi murmushi ta ce, "Alhaji, komai." Ni da ko Tamale sau biyu na taɓa zuwa, ga shi an naɗa mini Alhaji saboda sidi 900.

Na ce yanzu dai aljihu ya bushe. Ta ce ba laifi, ina da kwana bakwai, in dawo da rasit. Ta ba ni takardar in tafi da ita. Shafi biyu ne na Turanci, rubutun kamar tururuwa sun yi layi. Rabin shafin farko na karanta idona ya fara ruwa, na ninke na jefa cikin akwatin zare.

To raina ya rabu biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni na san zafin zubin wata takwas. In wannan ma ta ƙone ban san yaushe zan sake tara kuɗin wata ba. Maman Nasiba kuwa cewa ta yi sidi 900 cefanen kwanaki ne, kuma ita tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya mayar da kaya Adum aka karɓa da fara'a ba.

Akwai kuma ƙaramin ƙanenmu Awudu, wanda ya gama sakandare yana zaune. So yake da rana in ina shago ya fito da gem ɗin baranda, ya sa benci, yaran layi su riƙa biyan sidi biyar biyar suna bugawa. Ya ce ai tunda akwai garanti, ko ta lalace za a ba mu sabuwa.

Waɗanda suka taɓa biyan irin wannan kuɗi, ya amfane ku? Masu gyara kuma, in akwai ku a nan, me ya fi kashe gem a garin nan, kuma takardar tana biyan sa?

Masta Mai Gyara, PZ

Wa alaikumus salam Yaya tela. Shekarata goma sha ɗaya ina buɗe cikin gem a nan PZ cikin Adum, tun zamanin PS3. Abin da ke hawa teburina zan lissafa maka, kai kuma ka ɗauko takardar nan daga akwatin zare ka gwada.

Wanda ya fi yawa bakin HDMI ne, inda ake cusa wayar da ke zuwa talabijin. Ƙananan ƙafafu 19 ne a cikinsa, kowacce ba ta kai kaurin allurar kekenka ba. Yaro ya yi tuntuɓe da waya, ko a saka gem a jakar goyo a kai gidan aboki, a cusa wayar a karkace cikin duhu, shi ke nan. Gem na kunnuwa, farar fitila na ci, talabijin baƙi ƙirin. Aikin iska mai zafi ne da dalma, awa ɗaya ko biyu na gama. Amma a takardar garanti sunansa "ɓarnar hannu", kuma ban taɓa ganin takardar da ke biyan ta ba sai in an rubuta ƙarara cewa har da haɗari.

Bayan shi sai wuta, irin wadda ta ci PS4 ɗinka. Ba ɗaukewar ke kisa ba, dawowar ce. A shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, musamman 2015, akwai makon da ban taɓa komai ba sai gidan wutar gem. Da ma ka kawo mini taka, sau da yawa gidan wutar kaɗai ke ƙonewa ya kare sauran, a canja shi ta tashi. In ba ka jefar ba, kawo ta mu gani.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu na cika cikinta. Fanka na zuƙo iska, ƙurar na manne a haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya ta har ta zama kamar bargo. Za ka ji fanka na ihu kamar jirgi zai tashi, can sai ta rubuto maka ta yi zafi, ta kashe kanta ana tsakiyar wasa. Kai ma da kake tela, burbushin yadi ya fi ƙurar muni, kada ka kuskura ka kai ta shago.

Sai kyankyaso, kada ka yi dariya. Gidan wuta da ɗumi da duhu, masauki ne a wurinsa. Makon jiya na buɗe wata, ina ɗaga murfi suka watse a kan tebur, yarona ya bar shagon da gudu. Ɗaya ya kwanta a kan layi biyu na wuta, ya soye, ya soya gem ɗin. Mai ita a ƙasa yake ajiye ta kusa da inda yara ke cin biskit.

Hannu kuwa dole ya gaji. A ƙarƙashin sandar da kake juyawa da babban yatsa akwai wani ɗan abu da ke gogar juna, yau da gobe sai ya cinye, ka ga ɗan wasanka yana tafiya hagu shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Wannan ana canja shi da araha. Yanzu ma akwai masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ba sa gogar komai, muna sa wa mutane.

To ka duba duka biyar ɗin nan. Wanne ne laifin masana'anta? Garanti kuwa aibin masana'anta yake biya. Shi kuma aibin masana'anta kamar ciwon da aka haifi yaro da shi ne, da wuri yake nunawa, cikin watannin farko, lokacin da garantin kyauta ke aiki. Na'ura in ta tsallake shekarar farko lafiya, ta biyu da ta uku ƙuruciyarta ce. Su kuma shekarun da suke son sayar maka ke nan.

Amma kada in ci amanar gaskiya don ina neman aiki. Akwai mutuwar da ni ma ba na iya tayarwa. Ma'ajiyar PS5 a jikin babban allonta aka like ta, ba kamar PS4 da za ka zare ka sa wata ba. Tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarfen sanyaya kuma ruwan ƙarfe aka zuba, wanda in mai gyaran da bai iya ba ya bari ya ɗiga a kan allo, an gama. In babban allo ya mutu, kuɗin gyara ya kusa kuɗin wata. Ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa, kuma a nan ne kawai takardarka za ta yi rana. Wurin cin faifai ma a irin taka ba abin tsoro ba ne, ɓalle shi ake yi, ana sayar da shi daban.

Kafin Asabar, juya kwalin ka nemi lambar da ta fara da CFI. Ka gaya mana lambobi biyu na ƙarshe.

Maman Sadiya, Madina Zongo, Accra

Masta ya yi bayani, Allah ya saka da alheri, amma ni kam na biya kuma ban yi da-na-sani ba.

Atamfa nake sayarwa. Shekara uku da suka wuce na saya wa yarana gem a wani babban shago nan Ankara, don su daina yawon gidan gem har dare. Na ƙara kuɗin shekara biyu. A wata na goma sha bakwai ta ƙi tashi. Ba tsawa, ba faɗuwa, a kan kabad take, kuma tun ranar farko a jikin gad na jona ta, abin nan mai kare kaya daga bugun wuta.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Sau huɗu ina hawa torotoro daga Madina ina rufe shago. Zuwan farko suka ce rasit ɗin ya goge, ba sa ganin kwanan wata. Irin farar takardar nan ce ta inji, wadda rubutunta ke ɓacewa cikin 'yan watanni. Allah ya taimake ni Sadiya ta ɗauki hotonsa ranar da muka saya. Zuwa na biyu, mai sa hannu ya tafi jana'iza. Sai da aka yi mako bakwai sannan suka ba ni wata, kuma ba sabuwa fil ba, gyararriya ce. Duk wasan da yaran suka tara ya tafi da tsohuwar, ƙaramin ya yi kuka har ya ƙi cin abinci.

Duk da haka, ɗan'uwa, da ba takardar nan da har yau ba su da gem, don a lokacin ba ni da kuɗin wata. Kuma ku maza kuna da Masta da kuka sani. Ni in na ɗauki gem na shiga kasuwar Circle, wa na sani? In ya ce mini allo ne ya mutu alhali fis ne, ta ina zan gane? Kuɗin da na biya, kuɗin kada a yi mini wayo ne.

Sai dai shagon da na saya yana da rassa, ya daɗe, kuma na san zan same shi a wurin. In shagonka irin wanda bana waya yake sayarwa, baɗi ka tarar da mai gyaran gashi a ciki ne, to wannan wata magana ce. Ko ka biya ko ba ka biya ba, ɗauki hoton rasit ɗin nan yau.

Ɗan Asawase, Bronx

Baban Nasiba, gaisuwa daga sanyi. Na san dalilin da ya sa Masta ke tambayar lambar kwali, bari in riga shi.

Lambobi biyun ƙarshe suna nuna kasuwar da aka ƙera na'urar dominta. 15 ta Amurka da Kanada ce, 16 ta ɓangaren Turai, 00 ta Japan. Garantin Sony na shekara ɗaya da ke zuwa da ta nan, a Amurka da Kanada kawai yake aiki. Duk gem ɗin da muke sako muku a duro, garantinta na ƙarewa ne ranar da jirgin ruwa ya bar gaɓa. Ka tuna lokacin da kake buɗe akawun ɗin PlayStation, ka ga Ghana a jerin ƙasashe? Kowa a Kumasi ɗan Amurka ne ko ɗan Ingila a cikin gem ɗinsa. Saboda haka ka tambaye su da kyau, shekara ɗayan da suka ce kyauta ce, ta wa ce? In ta shago ce, to duka shekara ukun a wuyan mai shago suke, ƙarfin takardar ƙarfinsa ne.

Farkon zuwana na yi shekara biyu ina aiki a wani shagon kayan lantarki a nan. Ribar da ke kan gem kanta ƙarama ce ƙwarai, kowa ya san farashinta, ba ka isa ka ƙara ba. Inda ake cin kuɗi shi ne takardar nan. Kowace safiya sai manaja ya karanto wa ya sayar da nawa jiya, wanda bai sayar ba ya sha kallo. Don haka kada ka ga laifin yarinyar da ta kira ka Alhaji, wataƙila kamashonta ke ciki. Lissafin mai sauƙi ne: sidi 900 a kan 8,200 ya ɗan haura kashi goma cikin ɗari. In mutum goma suka biya, an tara kuɗin sabuwar gem da canji. Da a ce cikin kowace goma ɗaya na mutuwa irin mutuwar da takardar ta yarda da ita, da tuni sun daina sayar da takardar.

Wani abin kuma, in aibin na masana'anta ne da gaske kuma ya game duniya, kamfanin da kansa yakan ɗauki nauyi. Xbox 360 ta fito a ƙarshen 2005, ta riƙa mutuwa tana nuna jajayen fitilu uku a zagayen madanninta. Abin ya yi yawa har a Yulin 2007 Microsoft ya mayar da garantin wannan matsala shekara uku ga kowa, ya ware sama da dala biliyan ɗaya. Waɗanda suka riga suka biya kuɗin gyara ma aka mayar musu. Haka Nintendo, da ƙorafin hannayen Switch masu tafiya su kaɗai ya yi yawa, ya koma gyara su kyauta a nan Amurka tun 2019, ko garanti ya ƙare. Matsalar dai ita ce duk wannan alheri sai wanda ke ƙasar da suke da wurin gyara. Na Aboabo sai labari.

Tunda na ambaci Xbox 360, Masta zai tuna nawa muka kashe da hannunmu. Tubalin wutarta na Amurka na 110 ne, a jona shi a 230 ta gida, hayaƙi. PS4 da PS5 ba su da wannan matsala, suna karɓar duka biyun.

A nan takardun iri biyu ne. Akwai mai tsawaita garanti kawai, akwai mai haɗawa da faɗuwa da zubewar ruwa, wasu har da bugun wuta. Ta biyun ga mai ƙananan yara tana da ma'ana. Duba wacce aka ba ka.

Maganar Awudu kuwa, ka ce ya sauke benci. Garantin Sony da kansa ya cire na'urar da aka yi kasuwanci ko haya da ita, kuma zan yi mamaki in ta shagon ba ta kwafi wannan layin ba.

Almajirin Tafo

Ni ban san gem ba, ɗana ne ya nuna mini zancen. Abu biyu kawai zan ƙara. Malamai sun yi magana a kan irin wannan. Garantin da ya zo tare da kaya, cikin farashinsa, ba a cika samun saɓani a kansa ba. Wanda za a saya daban bayan an gama ciniki shi ne da yawa suka ƙi, don ya zama kamar inshora: ka ba da kuɗi tabbas, abin da za ka karɓa kuwa ko ya zo ko kada ya zo. Cinikin biri a sama ke nan. Wasu sun sauƙaƙa in an ƙulla shi tare da cinikin a zama ɗaya. Naka kuwa an riga an tashi daga zaman, sai ka tambayi malaminka.

Na biyu, ko ba takarda, wanda ya sayar da kaya mai ɓoyayyen aibi bai kuɓuta ba. A fiƙihu mai saye yana da zaɓin mayarwa. Dokar cinikin kaya ta Ghana ta 1962 ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da bai bayyana ba. Allah ya sa albarka a abin da aka saya, ya kuma sa kada ya hana sallar asuba.

Baban Nasiba, Aboabo

Amin Malam, na ji wannan ta ƙarshen, ta shiga.

Na gode muku duka. Ga yadda aka ƙare.

Daren Laraba na ɗauko takardar, na zaunar da Nasiba, ita da idonta ke da ƙarfi kuma Turancinta ya fi nawa. Tana karantawa ina ja mata layi da allin ɗinki. Shafin farko duk alkawari ne. A shafi na biyu aka jera abin da ba ruwansu da shi, kuma wallahi kamar Masta ne ya rubuta musu: bugun wuta da tsawa, ƙwari, ruwa, ƙura, karyewar baki ko waya, na'urar da wani ya buɗe, na'urar da aka yi sana'a da ita. Hannu kuwa wata uku kacal. Da ta kai wurin ƙwari sai ta ɗago ta ce, "Baba, to me ya rage?" Na ce karanta dai.

Kwalin kuma na juya. CFI-2000. Ta Japan ce. Sai a lokacin na lura rubutun gefen kwalin ma ba na Turawa ba ne, kuma wayar wutar da suka sa mini mai ƙafa uku ba a cikin ledar kamfani take ba, daban aka cusa ta. Ban ce jabu ba ce, tana aiki lafiya lau, kuma na san yawancin na kasuwa haka suke shigowa. Amma dai na gane ba wani Sony a bayan takardar nan.

Jiya Alhamis bayan azahar na bar yaran shago da aiki na koma Adum. Yarinyar na ganina ta washe baki, ta ɗauka kuɗi na kawo. Na ce manaja nake nema. Ya fito, mutum mai fara'a, har da ba ni kujera. Na shimfiɗa takardar a kan gilashin kanta, duk ta yi fari da alli.

Na ce, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, za ku biya? Ya ce wannan sai injiniyansu ya duba. Na ce in ya duba ya ga wuta ce fa? Ya ce to wannan ba laifinsu ba ne. Na ce gaskiya ne, ba laifinku ba ne. Injiniyan naku yana ina, Ankara? Ya ce a'a, nan kusa ne. Na ce nan ina? Ya ɗan sosa ƙeya ya ce PZ. Masta, ko kai ne ba ka faɗa mana ba?

Na ce in ta ƙi gyaruwa, sabuwa za ku ba ni? Ya ce in akwai a ƙasa. In babu fa? Sai a kimanta abin da ta kai a lokacin, a ba ni takardar sayen wani kaya a shagon. Na ce wa zai kimanta? Ya ce su. Na ce to a rubuta mini bugun wuta a ciki da biro, ka sa hannu da hatimi, yanzu in tura 900. Ya yi dariya ya ce ba shi da wannan ikon. Ban ji haushinsa ba, ya fi yarinyar gaya mini gaskiya. Abu ɗaya na samu: na sa ya rubuta lambar jikin na'urar a kan rasit ɗin shekara ɗayan ya buga hatimi, don da ba a rubuta ba. Na ɗauki hotonsa tun ban bar kantar ba, Maman Sadiya, na kuma yi fotokwafi biyu a hanya.

Ban biya ba. Amma Maman Sadiya, maganarki ta tsaya mini a rai, don abin da ya same ki zai iya samuna, kuma ranar ba ni da wanda zan kama. Abin da na yi, na sa mai susu ya buɗe mini kati na biyu, sidi biyar kullum, ya tambaye ni na mene ne na ce na asibitin gem. In ta yi ciwo a cire, in ba ta yi ba Nasiba na shiga sakandare baɗi, akwai akwati da katifa a gaba.

Daga Adum na sayi gad irin na talabijin, mai jinkirta wuta in ta dawo, na gwada shi a gida na ga sai ya ɗan jira kafin ya saki. Kafinta na layinmu zai kafa mini katako a bango, sama da inda hannun ƙaramin zai kai. Awudu kuwa tun jiya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ce masa in Masta ya tayar da PS4 ɗin, tasa ce, ya sa bencinsa. Tana nan a saman kabad cikin tawul ɗin da ta zo da shi, ban iya jefar da ita ba.

Saura tambaya ɗaya. An nuna mini UPS, akwatin batirin nan mai riƙe wuta in an ɗauke, iri biyu, ƙarami mai 650 da babba mai 1,200. Bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Ƙaramin zai riƙe gem da talabijin mai inci 43?

Masta Mai Gyara, PZ

Ba ni ba ne Yaya, amma ina jin na san ko wane ne, tebur uku ke tsakaninmu.

Ɗauki babban. Lambar da ke jikin kwalin UPS ba ita ce ainihin ƙarfinsa ba, mai 650 bai cika wuce wat 400 ba. PS5 in wasa ya yi zafi tana jan kusan wat 200, ga talabijin, kuma batirin ƙaramin da ya yi shekara sai ya fara kuka tun wuta ba ta gama ɗaukewa ba. Ko babban ma ba don ka ƙarasa wasa ba ne, ko da kana cin biyu da nema. Minti biyu ne na ka ajiye ka kashe ta yadda ya kamata. In za ka kwanta kashe ta gaba ɗaya, kada ka bar ta tana barci da fitilar ruwan lemo, don in wuta ta yanke mata a haka tana iya ɓata abin da ke ma'ajiya. Hadari in ya haɗo kuwa zare komai daga bango, tsawa ba ta san gad ba.

Fararen murafun gefe kana iya zare su da hannu ka goge ƙurar fanka, Sony da kansa ya nuna yadda ake yi. Amma kada ka kwance ko da noti ɗaya na ciki kafin shekarar ta cika, kada ka ba su hujja.

PS4 ɗin kawo ta Litinin da safe kafin kasuwa ta cika. In gidan wuta ne, kayan kawai za ka biya. Ladan aiki kuwa ina da yadi huɗu na shadda da ke ajiye tun ƙaramar Sallah, ka zo da tef ɗinka.